Gwangwanin Ƙaro

Makon jiya an yi ruwa a Riyad. Na fito daga masallaci a Gubaira bayan la'asar sai na ji ƙarar inji a bakin titi. Ma'aikata ne uku cikin riguna masu ƙyalli, suna datse 'yan itatuwan da aka dasa bara. Ruwa yana zuba, su suna yanka. Ɗayansu inji a hannun dama, waya a hannun hagu. Ya gama da wannan icce ya wuce wancan, bai goge bakin injin ba, bai waiwaya ya ga abin da ya bari ba. Na tsaya ina kallo har rigata ta manne mini a baya. Wani maƙwabcina ya taɓa ni ya tambaya ko lafiya, na ce lafiya, amma ƙafata ta ƙi tafiya. Ban san akwai sauran mai sa ƙarfe a jikin ɗanyen icce ana ruwa ba. Na ɗauka ni ne wawa na ƙarshe da ya yi haka a garin nan.

Ni ba mai magana ba ne. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Abin da na sani hannuna ne ya koya, kuma sai da ya yi ɓarna tukuna.

A garinmu, arewa da Maraɗi, icce ba ado ba ne. Ko ya ciyar da kai, ko ya ciyar da dabbarka, ko ya dafa maka tuwo. Mahaifina yana da dakwara a gefen gona, sun fi ashirin. In damina ta ɗauke, ganye ya fara zuba, sai ya ɗauki ɗan ƙarfensa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɓare musu ɓawo, tsawon tafin hannu. Har yanzu ina jin ƙarar, kamar ana yage tsohon zane. Bayan 'yan makonni ƙaro ya fito a bakin raunin, dunƙule-dunƙule, ja-ja kamar zuma ta daskare. Mu tsinka mu cika ƙwarya. Malamai suna so don tawada, masu wankin hula suna so, mu kuma mu cika baki da shi har haƙora su manne. Yakan ce iccen da bai yi kuka ba bai san yana da ubangida ba. Yakan ce kuma ƙaramin icce maƙiyinsa ɗaya ne, akuya, don haka ka share masa rassan ƙasa kaf, ka kora shi sama inda bakinta ba ya kaiwa. Akwai kuma darasin da ba faɗa yake ba, yi yake. In ruwa ya sauka, namiji ba ya zama a ɗaki. Ko zazzaɓi kake, za ka ji yana dukan ƙyaure da ƙotar hauya. Lokacin da fari ya cinye garin na fito, abin da na zo da shi ke nan, sai riga biyu.

Riyad ɗin da na tarar ba wannan ba ce. Unguwar Nasim da yanzu mutum zai ɓata a cikinta, lokacin in ka tsaya a bakinta rairayi kake gani har inda ido ya ƙare. Gidan da na samu aiki yana Badi'a, kusa da kwari, inda dabino ya fi mutane yawa. Abin da ke tashe ka da safe ba mota ba ce, injin rijiya ne, tuk, tuk, tuk, sai kurciyoyi su amsa masa. Aikina in buɗe ruwa, in bi shi da fartanya ina karkata shi daga gindi zuwa gindi, in kwashe busasshen ganye, in wanke tsakar gida kafin rana ta yi zafi. Babu waya a aljihun kowa. In kana son magana da gida sai ka nemi kaset, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka gai da kowa da sunansa har jaki, ka ba mai tafiya. Amsa ta zo bayan wata uku, ka ji muryar wanda wataƙila an riga an binne. Ran Juma'a mu taru a Gubaira, mutanen Kano da na Damagaram da namu, a ci tuwo a faranti ɗaya, a saurari kaset ɗin juna ba kunya. Yanzu mutum shida a ɗaki ɗaya, kowa ya toshe kunnensa, ka yi sallama ba mai amsawa.

Uwar gidan tsohuwa ce, mijinta ya rasu. Mama muke ce mata, yadda ake ce wa kowace uwar gida a nan. Ba 'yar ƙasar ba ce, aure ne ya kawo ta daga Sham. Ɗanta ne kafil ɗina, wato wanda ya tsaya mini, shi ke riƙe da fasfona, iƙamata, takardar zamana a ƙasar, da sunansa take. In ya ce in zauna na zauna, in ya ce huruj, wato kora daga ƙasar, sai jirgi. Sai direban gidan, Baba Gana, Babarbare daga wajen Damagaram, ya girme ni nesa. Da ya ji uwata Bafillatana ce, shi ke nan na zama bawansa. Larabcina lokacin bai wuce zo da tafi ba, don haka shi ne bakina, shi ne kunnena.

A jikin katangar da rana ba ta cika duka ba, Mama tana da 'yan itatuwa biyar. Karaz take ce musu. Ban taɓa ganin irinsu ba. Tsayinsu bai fi nawa ba, kaurinsu bai fi ƙotar lauje ba, ɓawonsu sumul yana ɗaukar ido kamar an shafa mai. Baba Gana ya ce mini daga lambun mahaifinta ta kawo su, a naɗe cikin jiƙaƙƙun buhuna, kafin 'yan'uwanta su rabu da lambun a yi gine-gine a wurin. Ya ce shi ya ɗauko su daga filin jirgi, ta ƙi yarda a sa su a bayan mota, a cinyarta suka zo gida. Kowace safiya sai ta fito da sandarta ta ƙirga su, kamar ɗaya zai gudu.

Da sanyi ya shigo, ganyensu ya zube, sai aka aiko ƙaninta ba lafiya a Sham. Ranar da za ta tafi ta kira ni gaban itatuwan, ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce, "Moya bas." Wannan ko ba Baba Gana na gane. Ruwa kawai. Na ce to. A zuciyata kuwa na ce, tsohuwar nan ba ta san ɗan wanda ta ɗauka ba. Ta ɗauka mai ban ruwa ne kawai.

Ta yi kwana goma da tafiya aka yi ruwa. Na farko da na gani tun zuwana ƙasar. Na ji ƙanshin ƙasa ya shigo ɗaki, jikina ya tashi da kansa. Ba gona, ba iri, ba abin shukawa, amma na kasa zama. Na zagaya gidan sau biyu, idona ya faɗa kan karaz. Ga rassa nan a ƙasa-ƙasa, uku nan huɗu can, daidai ƙugu, daidai bakin akuya. Na ɗauko wuƙar da nake yanke ruɓaɓɓun rassan lemo da ita, ko a wando ban goge ta ba. Na share su kaf. Na bar wa kowanne tsinin kansa kawai, miƙe kamar mashi. Ruwa yana zuba a kan raunukan, ni ina jin daɗi.

Baba Gana yana ƙarƙashin rumfar mota yana shan shayi. Ya tambaye ni wa ya sa ni. Na ce ba wanda ke sa manomi. Na faɗa masa zancen akuya. Ya ajiye kofin, ya dubi gabas ya dubi yamma, katanga ta fi mutum biyu tsayi, ƙofa ta ƙarfe.

"Kai bawana, ina akuyar take? Ko ka zo da ta gidanku a jaka?"

Na ce masa Babarbare me ya sani a icce ban da zama a inuwa. Ya yi dariya, ya ce ai shi bai hana ni ba, amma matambayi ba ya ɓata, ni kuwa ko kaza ban tambaya ba. Daga nan ya koma shayinsa. Ya sha gaya mini daga baya cewa da ya san abin da zai biyo, da ya zauna a kan wuƙar.

Bayan kamar mako uku na zo ban ruwa, sai na ga abu yana ƙyalli a bakin wani rauni. Na matsa. Ƙaro. Ja-ja, a dunƙule, sak na dakwarar mahaifina. Na ɓalla na sa a baki. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce ashe shi ya sa tsohuwar take ƙirga su, ashe dukiya ta dasa. Kuma na ce, in ɗan wannan rauni ya ba da haka, ina ga an yi musu aikin yadda ya kamata. Na wasa wuƙa, na bi su ina ɓare ɓawo tsawon tafin hannu, biyu-biyu a kowane icce, yadda na gani ana yi. Huɗu na yi wa. Na biyar yana maƙale bayan tankin ruwa, hannuna bai shiga da kyau ba, na ce sai wani lokaci. Suka yi ta kuka, ni ina ta tsinka. Na samu gwangwanin madara na wanke, na cika shi har baki, na rufe da tsumma mai tsabta na ajiye mata.

Ta dawo da baƙaƙen kaya, ƙanin ya rasu. Na bari aka gama gaisuwa. Kashegari da hantsi, kafin ta fito, na tsaya a ƙofar falo da gwangwanina, na ce Baba Gana ya faɗa mata na kawo mata amfanin farko na itatuwanta. Ta buɗe tsumman. Ta daɗe tana kallo. Ta tambaya daga ina. Na nuna katanga ina murmushi.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta wuce ni ba sanda, ba takalmi, ta je ta tsaya gaban na farko. Ta sa yatsa a inda na ɓare, naman iccen ya yi baƙi, yana wari kamar tsamiyar da ta kwana a ruwa. Ta wuce na biyu. A na uku ta zauna a ƙasa cikin laka. Ta yi magana a hankali, Baba Gana bai fassara ba, sai da na zungure shi. Ranar bai ce mini bawa ba.

"Ta ce wannan ba amfani ba ne. Ta ce jininsu ne. Karaz in ya fitar da wannan, mutuwa yake yi."

Na dubi gwangwanin. Wata biyu ina tara shi, ina lasa. Ban san lokacin da ya faɗi daga hannuna ba. Duk abin da na sani game da icce, duk abin da mahaifina ya zuba mini, a wannan gidan kisa ne. Abin da ya fi girgiza ni ke nan. Ban yi ganganci ba, ban yi lalaci ba. Iyakar ƙwarewata na yi.

Da yamma ɗan ya zo. Bai ko dubi itatuwan ba, uwarsa ya duba. Ya shiga ya fito da fasfona a hannu, yana buga shi a tafinsa, ya ce halas, huruj. Wannan ma ba na bukatar tafinta. Na tuna bakuna goma sha ɗaya a gida da gonar da ba ta ba da ko dami ɗaya ba. Ban roƙe shi ba, ban iya roƙo ba. Mama ce ta yi magana daga ciki. Ta ce huɗun sun tafi, ba mai dawo da su. Amma na bayan tanki ɓawonsa lafiya. Ta ce a bar ni sai an ga abin da zai yi. In ya mutu in bi shi, in ya rayu in zauna. Ɗan ya sa fasfon a aljihun gaba, inda zan riƙa ganinsa.

Huɗun suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Ni na tone su, ita ta ce a ƙone, har ƙasar gindinsu a kwashe. Na biyar kuwa ta hana ni taɓawa. Kowace safiya a kawo mata kujera, ta zauna, ta dubi sama, ta dubi iccen, ta ce ba yau ba. A wannan zaman ne ta koya mini, Baba Gana yana juyawa yana ƙara nasa. Ta ce karaz ba ya son ƙarfe da ruwa su haɗu a jikinsa, ta raunin cuta ke shiga. Ana jira sai sanyi ya juya baya, idanun da ke jikin reshe sun kumbura amma ba su buɗe ba, sama ta yi tas kwana uku, kuma ba alamar hadari a gaba. Ta ce wuƙa sai an gasa bakinta a wuta kafin ta taɓa icce, kuma in za ta wuce wani iccen a sake gasawa. Ta ce rassan nan na daidai ƙugu da na share, su ne iccen. Shekara biyu tana rainonsu. Ana barin uku ko huɗu, kowanne ya fuskanci nasa gefen, masu buɗe hamata, ba masu manne wa uwa ba, tsakiya a bar ta a buɗe yadda tsuntsu zai ratsa. Baba Gana ya ce wato dai duk abin da Fulani suka yi, a yi akasinsa. Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba wanda ya taɓa gaya mini sai an tambaya wane icce.

Ranar ta zo. Sama fes, iska ba ta motsi. Ta sa na hura gawayi, na gasa wuƙa har ta canja launi, na bari ta huce. Ta sa aka matsar da tankin. Ta tashi da kanta ta auna iccen da ƙugunta, ta nemi wani ido da ke kallon waje, ta sa farce ɗan sama da shi. Ta ce in yanke nan, a karkace, sara ɗaya.

Na ce Baba Gana ya sake tambaya, wataƙila bai ji daidai ba. Abin da ke sama da farcenta shi ne duk abin da ya rage wa iccen. In na cire shi sai sanda. Ya tambaya, ta maimaita. Na ce ya gaya mata wannan kisa ne, kuma wuyana ne a ciki. Ta dube ni, karo na farko tun ranar gwangwani.

"Da ka yi da naka sanin, ka kashe huɗu. Yau yi da nawa sanin."

Na sara. Kan iccen ya faɗi a ƙafata. Abin da ya rage bai fi taɓarya tsayi ba.

Kwana ashirin da wani abu ban san ɗanɗanon abinci ba. In tashi in je in duba, sanda. In dawo da azahar, sanda. Ina duban bakin saran ko zan ga ƙyalli, don yanzu na san ma'anarsa. Ɗan yakan wuce ya dubi sandar, ya dube ni, ya taɓa aljihu. Baba Gana ya daina tsokanata, abin da ya fi komai ba ni tsoro. Har ya fara tambayata wa zan ba tabarmata.

Wata safiya na ga idon da ta sa wa farce ya tsage, wani abu kore kamar kunnen ɓera ya leƙo. Ƙasa da shi wani. Kafin mako ya cika sun zama shida. Saran ya bushe fari tas, ba ɗigon komai. Mama ta zo ta duƙa, ta daɗe, sannan ta sa farce ta ɓalle biyu, ta bar huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa. Ta aika a kira ɗanta, ta ce ya mayar da fasfon inda ya ɗauko. Ya mayar. Baba Gana ya ce to bawana, tabarmar tawa fa?

Da na samu bakin magana, na ce ya tambayar mini ita shekara nawa kafin ya yi 'ya'ya, in ɗanɗana abin da ya kusa mayar da ni gida. Ta ce ba zai yi ba. Na ɗauka fushi ne. Ta ce a'a, karaz sai ya sha sanyi mai tsanani wata da watanni kafin ya haihu, sanyin Riyad kuwa wasa ne. Ko biyar ɗin sun rayu, ko ɗaya ba zai yi ba. Ta san haka tun kafin ta naɗe su a buhu.

A garinmu iccen da ba ya ciyar da kowa gatari ake kai masa. Na ce to don me?

"Ganyensa nake son gani," in ji ta. Ta ɗauki sandarta ta shiga ciki.

Na raine shi har ta rasu, na ci gaba bayanta, har ranar da aka sayar da gidan aka kawo motar rusau. Kowace shekara in jira sanyi ya juya baya, in dubi sama kwana uku, in gasa wuƙa. Wata shekarar yakan yi fure bakwai ko takwas, farare, su zube. Ɗa ko ɗaya bai taɓa yi ba. Yanzu karaz yana nan a kowane babban kanti, ja wur cikin 'yan kwalaye, daga ƙasashen da ban san sunansu ba. Ina ganinsa. Ban taɓa sa shi a baki ba.